Takin lambuna na bayan ɗaki a Bauchi

Ƙasar unguwarmu jigawa ce mai tsakuwa, kamar ta yawancin gidajen da ke gindin duwatsun Bauchi. Ruwa na sauka ta shanye shi, rana na fitowa ta bushe ƙamas. Shi ya sa a ɗan filin da nake nomawa bayan ɗakin girki, taki ya fi cin lokacina a kan iri.

Ba na sayen takin bola da ake kwasowa a tifa. Baƙi ne wuluk, kuma yana da araha, amma ki sa hannu ki tona: leda, fasassun kwalabe, mataccen batir, wani lokacin har allura. Alayyafon da yara za su ci ba zan shuka shi a kan wannan ba. Nawa nake haɗawa, da sharar gida da kashin awakina.

Kaka ce lokacin tara kaya. Daga Oktoba akwai ɓawon gyaɗa, ganyen masara, ɓuntun shinkafa, ga ganyen da itatuwa ke zubarwa in hunturu ya kama. Ina shimfiɗa busassun a ƙasan rami, in bi da kashin awaki, in zuba ɓawon doya da na ayaba da tsinken ganyen miya, in yayyafa ƙasa, in sake wani hawan. Ƙashi da maiƙo da ragowar miya ba sa shiga, ɓeraye suke kirawowa. Toka kuwa kaɗan nake barbaɗawa, don in ta yi yawa a kan ɗanyen kashi ƙarfin takin bin iska yake yi, har warin fitsari za ki ji yana tashi.

Wani dattijo mai lambun fadama da nake sayen irin albasa a wajensa shi ya nuna mini dabarar sanda. Na ce masa, "Baba, yaya ake gane taki yana aiki?" Ya ce, "'Yata, soka sanda a tsakiya ki bar ta. In kin zaro da safe kin ji ta da ɗumi da danshi, yana dahuwa. In ta fito a bushe, ƙishirwa yake ji." Wannan ɗumin ba banza ba ne, ƙananan halittun da ke ruɓar da shara su ke fitar da shi, kuma in ya kai ya kawo shi ke kashe irin ciyawar da ke cikin kashin dabbobi.

Hunturu ne ke wahalar da taki. Iskar Disamba da Janairu tana tsotse danshi, sai ramin ya tsaya cak, ganye ya yi wata guda bai canja kama ba. Ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye nake ba shi, ban da mai sabulu, in rufe da tsohon buhu. Danshin da ake so shi ne ki damƙa ya dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba. Duk bayan mako biyu a juya, cikin wata uku ya nuna. Nunannen taki baƙi ne, yana marmashewa, ya huce, ƙanshinsa irin na ƙasa ranar ruwan farko, kuma ba ki iya gane ɓawon da kika zuba a ciki. Wanda bai nuna ba, musamman kashin kaji, ƙona saiwa yake yi, ganye ya yi rawaya a ɗauka ciwo ne.

Shi kansa lambun, hunturu ne lokacin jin daɗinsa. Latas, karas, albasa da tumatir duk sanyi suke so. Da Maris ya shigo, zafin bazara ya fara kakkaɓe furen tumatir, sai in daina wahalar da ruwa a kansa. In lulluɓe gindin zogale da barkono da busasshiyar ciyawa, ban ruwa ya koma asuba da yamma lis. Sai dai a riƙa ɗaga ciyawar ana dubawa, gara na son maƙalewa a ƙarƙashi.

Damina kuma ta kuɓewa ce da yakuwa da rama da alayyafo. Ina tona takin cikin kunya tun kafin ruwa ya zauna a watan Yuni, ba a watsa shi a sama ba, don ruwan sama kwashe shi yake yi zuwa kwata. Rami ma ba ya aiki a Agusta, cika yake da ruwa takin ya yi tsami da ɗoyi. A wannan lokacin a tudu nake tsiba shi kusa da katanga, in ɗora tsohon kwanon rufi a sama, in bar gefe a buɗe iska ta shiga.