Daga Nima zuwa Elmina a kan babur

Tun daren Asabar na wanke mashin ɗina, na duba mai da iskar taya, na ɗaure sarƙa saboda ta ɗan saki, amma barci ya ƙi zuwa. Ƙungiyarmu ta masu babura a Nima, unguwarmu a Akra babban birnin Ghana, mun fi wata biyu muna maganar tafiyar nan ta zuwa Elmina a WhatsApp, yau a sa rana gobe a ɗaga, sai ga shi Allah ya kawo mu. Ana idar da asuba muka haɗu a bakin titi, babura 17, kowa da hular kwanonsa, muka sha koko da ƙosai a tsaitsaye. Kafin a tayar Alhaji shugabanmu ya maimaita dokar da kullum yake faɗa, shi ne a gaba ba mai wuce shi, makanikenmu a can ƙarshe da jakar sifanu da famfo, kowa ya bar tazara tsakaninsa da na gabansa, kuma in mutum ɗaya ya tsaya to kowa ya tsaya. Aka yi addu'a aka shafa.

Sammakon nan saboda Kasoa ne, duk wanda ya san Akra ya san gosulon da ke tsakanin Mallam da Kasoa in rana ta ɗaga. Sunan garin ma namu ne, kasuwa ce bakin mutane ya mayar Kasoa. Muka wuce ana buɗe shaguna.

Daga mararrabar Winneba ne na fara jin tsoro gaskiya, hanya ta matse, ga direbobin trotro, wato ƙananan bas-bas na haya, suna obatekin a inda bai kamata ba, wani ya fito mana gaba da gaba sai da muka sauka gefen kwalta mu huɗu, na ji ƙafata tana rawa a kan birki har muka yi nisa. Kuma mutum in ya ji an ce hanyar gaɓar teku sai ya ɗauka ruwa zai yi ta kallo tun daga gida, ina, yawancin hanyar ciyayi ne da gonaki da ƙauyuka, tekun na can hagu a ɓoye sai dai iskarsa. Dab da Mankessim tayar bayan wani ƙaninmu ta yi faci, ƙusa ce doguwa ta shige har tsakiya. Hon ya bi layi daga baya har gaba, duka muka faka. Yaron sai haƙuri yake bayarwa wai ya ɓata wa mutane lokaci, Alhaji ya dafa shi ya ce, "Kai ɗana, tare muka fito ai, zauna ka sha ruwa." Minti 40 muka yi a wurin ba wanda ya yi tsaki.

A Biriwa ne tekun ya bayyana. Ana gangarowa kawai sai ga shi a buɗe, shuɗi har inda ido ya ƙare, igiyar ruwa tana dukan duwatsu tana farin kumfa, kwale-kwale a jere a bakin yashi. Wallahi ni da aka haifa a Akra na sha ganin teku, amma ganinsa daga kan babur iska mai gishiri tana shigo maka ta ƙarƙashin hula daban ne, sai na ji duk layin an sassauta totur ba tare da kowa ya ce a rage ba. A Yamoransa muka sayi dokunun Fante, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, wanda mata ke jerawa a bakin hanya cikin shuɗiyar leda, muka ɗaure a bayan babura.

Akra zuwa Cape Coast wajen kilomita 150 ne, daga nan zuwa Elmina kuma bai fi 13 ba, kuma wannan ɗan guntun shi ne ya biya mu wahalar hanya, kwalta tana bin bakin ruwa, itatuwan kwakwa a jere sun sunkuya. Muka shiga Elmina ta kan gadar Benya, ƙarƙashinta jiragen masunta cunkus kowanne da fentinsa da tutocinsa, ƙarnin kifi da hayaƙin banda sun cika gari. Da Talata muka zo da mun tarar ba a fita su ba, ranar hutun masuntan wurin ke nan.

Toh sai gidan bayi, tsohon ginin Elmina da ake tsare bayi kafin a tsallaka teku da su. Da hayaniya muka shiga ana ta ɗaukar hoto, farin gini ƙato a kan dutse. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, har Sarkin Asante Prempeh na ɗaya an tsare shi a nan a 1896. Mai zagayawa da mu yana ta bayani ina jinsa sama-sama, har ya kai mu kurkukun mata. Ɗaki ne mai duhu, iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa, bango ya yi gansakuka, kuma akwai wani wari da har yau bai bar wurin ba, ban san da me zan kwatanta shi ba. A sama ga barandar gwamna inda yake tsayawa ya zaɓi wadda yake so, a tsakar gidan kuma ga coci. Daga nan aka bi da mu ta wani lungu sai ka sunkuya, zuwa ƙofar da in an fita ba a dawowa, 'yar siririya ce mutum ɗaya ma sai ya karkata. Na sa kafaɗata a ciki na leƙa, ga tekun nan dai da muka yi ta murnar gani a Biriwa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne da aka ambaci Salaga, tsohon garin kasuwa a arewacin Ghana. Mu a gida Salaga labarin goro ce, kakanni sun taso daga Kano da Katsina da jakuna sun zo Gwanja fatauci, da haka zango-zango suka kafu. Amma kasuwar nan ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, an sayar da mutane, kuma da yawa daga waɗanda aka gangaro da su bakin teku daga arewa aka kamo su. Alhaji ya daɗe a tsaye hularsa a hannu, can ya ce, "'Ya'yana, a yi musu addu'a, ba mu san ko akwai namu a ciki ba." Muka ɗaga hannu a cikin duhun nan mu 17, ƙanin nan mai faci yana share hawaye da bayan safar hannunsa.

Mun haɗa azahar da la'asar a wani masallaci a zangon Cape Coast, muka ci dokununmu da soyayyen kifi da barkono, hira ma ba ta yi tsawo ba. Ƙarfe 3 Alhaji ya ce a tashi, ba ya son dare ya same mu a hanyar Winneba. Gosulon da muka guje wa da safe shi ya tare mu a Kasoa da magariba, muka yi ta kutsawa a hankali ɗaya bayan ɗaya, a Nima aka ƙirga babura 17 cif kafin kowa ya kama hanyar gida. Washegari da na fito wanke mashin na ga gishirin teku ya yi fari-fari a jikin madubi da salansa, sai da na sa ruwa bokiti biyu.