Saƙon godiya bayan gasar ƙwallon kwando ta yaran unguwa

Alhamdulillahi, gasar yara da muka shirya a dogon hutun nan ta ƙare lafiya ranar Asabar, ba wanda ya ji ciwo, ba rigima. Kofi dai bai zo hannunmu ba, yaran Fagge ne suka ɗauka a fainal kuma wlh sun cancanta, tsaron gidansu ba wasa. Muna taya su murna.

Godiya ga iyaye da suka sakar mana yaransu bayan an tashi Islamiyya, da Hajiyar da take aiko mana da fiya wata da zoɓo ba tare da mun roƙa ba, da yayanmu ɗan sahu da ya dinga kwaso yaran Ɗorayi kyauta. Rafari kuma ku yi haƙuri da bakin 'yan kallo, Allah ya ba da lada.

Amma babbar godiyar ta Baba Koci ce, wanda ya rene mu a harkar nan, duk da ciwon gwiwa bai fasa zuwa ya zauna a benci ba. Duk dokar da kuka ga muna bi tasa ce. In aka kira sallah a ajiye ƙwallo ko wasa ya yi daɗi. Yaron da ya gudu daga makaranta benci zai sha ko da shi ya fi kowa hannu, kuma kun gani mun yi hakan a wasan kusa da na ƙarshe, wasu suka yi ta surutu wai za mu zubar da wasa, to ko da mun zubar ɗin dai ba za mu sa shi ba. Ba a zagin iyayen yaro a fili, in za ka yi masa gyara ja shi gefe, don yaron da aka kunyata gaban abokansa gobe ba zai dawo ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce in ka jefa ƙwallo a kwando ka nuna wanda ya ba ka fas da yatsa, kowa ya san ba kai kaɗai ka ci ba. Baba ya ce daga Dean Smith aka samo ta, kocin da ya horar da Michael Jordan a jami'ar North Carolina. Masu raki da azumi kuwa labarin Hakeem Olajuwon yake ba su, ɗan Legas da ya buga gasar NBA ta Amurka da azumi a bakinsa, kuma ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Tunda an kusa komawa makaranta, tirenin ya koma Asabar da Lahadi da safe kawai. Wanda yake da tsohon kambas ko jesi a gida don Allah ya kawo, akwai yaran da silifas suke zuwa da shi.