Takardar CAC Ba Ta Kare Sunan Da Ke Jikin Leda

Aikina buga ledoji da takardun manna wa kwalba a Kano, kuma yawancin masu zuwa wurinmu mata ne masu yaji, turaren wuta da humra, sai masu sabulu da ruwan leda. A wannan aikin ne na gane cewa 'yan kasuwarmu da yawa suna ɗauka da zarar sun yi rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, shi ke nan sun gama. Ita takardar CAC shaida ce cewa hukuma ta san da kasuwancinka. Amma sunan da ke jikin kaya da tambarinsa, wannan aikin wani ofishi ne daban, wato ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, wanda ke aiki da dokar 1965.

Abin da ya fi damuna ina ganinsa ne a kan teburina. Mutum zai shigo, ya zaro ledar yajin wata daga aljihu, a ninke, har da sauran gari a kusurwarta, ya ce, "Malam, irin wannan nake so sak, harafi ɗaya kawai za ka canza." Mu ba ma karɓar irin wannan aikin, to amma ba mu kaɗai ke da injin bugawa a gari ba. Kafin ka ankara kayan sun shiga kasuwa, mai yajin na asali tana gida sai ta fara jin waya: "Hajiya, me ya sami yajinki? Gishiri ya yi yawa." Cinikin da ta rasa ba shi ne babbar asarar ba. Amanar da ta yi shekaru tana ginawa ce wani ke ci, yana kuma ɓata ta.

Wadda ba ta da rajista tana iya kai ƙara, sai dai nauyi a kanta yake: ta kawo shaidu da rasitai cewa da ita aka san sunan, kuma masu saye sun ruɗe. Mai rajista kuwa takardarta za ta ɗauka ta nufi Babbar Kotun Tarayya. Sau da yawa ma ba a kaiwa can, wasiƙar lauya ɗauke da lambar rajista ta isa ta sa mai kwaikwayo ya janye.

Hanyar ba ta da wuya, haƙuri take so. A fara bincike ko wani ya riga ka, a shigar da takarda, a ba ka shaidar amincewa, sannan a buga alamar a mujallar ofishin a jira wata 2 ko akwai mai ja. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma shekara 14. An kasa kaya da ayyuka aji 45, kuma kowane aji da rajistarsa: yaji yana aji na 30, turare da sabulu na 3, ruwan sha na 32. Saboda haka mai haɗa yaji da humra da suna ɗaya rajista biyu take bukata. Kuma suna irin "Yaji Mai Daɗi" da wuya ya wuce, don kowane mai yaji yana da ikon cewa nasa da daɗi. NAFDAC ma tana neman shaidar alamar kafin ta ba kaya lamba.

Masu kai kaya Maraɗi da Damagaram su sani rajistar Najeriya a kan iyaka take tsayawa. Nijar, Kamaru da Chadi suna cikin OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka da ke rajistar irin waɗannan alamomi, mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17.

Yanzu duk wadda ta zo da sabon suna tana son leda dubu goma, nakan ce, "Hajiya, bari mu buga kaɗan tukuna, a je a yi binciken sunan, in ya fito naki ne sai mu cika sauran."