Godiya ga waɗanda suka tsaya wa ɗan'uwanmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallamo ɗan'uwanmu da bel ɗin injin casar shinkafa ya kama wa hannu. Ya rasa yatsu biyu, amma hannun ya tsira. A madadin iyalansa da abokan aikinsa, muna godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, da waɗanda suka ba da jini, da masu kai abinci asibiti safe da yamma. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga waɗanda suka fara isa wurin. Sun kashe wuta daga babban makunni kafin su taɓa shi, suka danne raunin da tsumma mai tsabta, suka ɗaga hannun sama, kuma suka hana a zuba toka ko baƙin mai kamar yadda wasu suka so.

Masu zuwa dubiya suna ta tambayar yadda abin ya faru. An ɗauke wuta ne, injin ya tsaya, ya sa hannu zai gyara zaman bel, sai aka dawo da wuta alhali makunnin yana kunne. Motar irin wannan injin tana juyi kusan 1,450 a minti ɗaya, wato sau 24 a daƙiƙa. Babu mai saurin da zai iya zare hannu.

Don haka muna roƙon masu injina, don Allah: injin da ya tsaya ba kasasshe ba ne. Kafin gyara a sauke babban makunni, a sa masa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihun mai gyaran shi kaɗai. A danna maɓallin tayarwa a tabbatar bai tashi ba, a jira komai ya daina juyi, a sanar da mai janareta. A naɗe hannun riga, a mayar da murfin bel kafin a kunna. A kuma sa sitata, wato na'urar tayar da injin, irin wadda ba ta tayar da inji da kanta in wuta ta dawo.

Mun gode wa wanda ya tuna mana dokar diyyar ma'aikata ta 2010: ma'aikaci ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma mai kamfanin ya kai rahoto ga NSITF, hukumar da ke kula da diyyar ma'aikata a Najeriya, cikin kwana 7. An yi hakan a kan lokaci.

Har yanzu yana zuwa wankin ciwo, muna barar addu'arku.