Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hayaƙin Baffa

Makon jiya mun tsaya a inda na sauka Ingila, amma ku yi haƙuri sai na koma kan maganar Baffa, don har yau tana cina a rai. Ranar da na ce masa falsafa zan karanta yana zaune a maƙera, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce "Kai yaro, ilimin da bai sauko hannu ba hayaƙi ne." A gaban su Yaya Babba fa, suka yi ta ƙyaƙyata dariya.

To kun san abin haushin? Littafin farko da aka ɗora mana shi ne The Concept of Mind na Gilbert Ryle, wanda ya fito a 1949. Baturen nan ɗan likita ne, a Brighton aka haife shi a 1900, a Oxford ya yi karatu kuma can ya yi ta koyarwa har ya zama farfesa a 1945 bayan ya ajiye kakin soja na yaƙin duniya na biyu, mujallar falsafa mai suna Mind ma shi ya riƙe ta tun 1947 har 1971, ko aure bai yi ba mutumin. Shi ya yi wa Descartes, wani masanin falsafa ɗan Faransa, shaguɓe, wai masu cewa hankali wani abu ne daban zaune cikin jiki kamar sun ce akwai fatalwa cikin inji ne. Nan kam ban bi shi ba, ni na yarda da ruhi. Amma da na kai babi na biyu inda ya raba sanin abu da iya abu, yana cewa gwani ba sai ya karanto ƙa'ida a ka ba kafin hannunsa ya yi aiki, wallahi rufe littafin na yi. Baffa ke nan tsaf, mutumin da ba zai iya faɗa maka zafin wuta da lamba ba amma yana kallon jan ƙarfe ya san lokacin duka ya yi.

Na ɗauki biro zan rubuto masa, girman kai ya hana ni. Ryle ya mutu a 1976, Baffa kuma Allah ya jiƙansa ban taɓa faɗa masa ba. Yaya Babba dai ko a sunan jikata bara da "Malam Hayaƙi" ya gaishe ni, shi da ko lauje bai iya ƙerawa ba.

Maganar ɗakin haya da sanyin da ya kusa kashe ni sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.