Bangon dutse da siminti ba sa ga maciji

A kwarurrukan Yokshaya da ke arewacin Ingila, tsofaffin gidajen manoma suna da fasali kusan iri ɗaya: dogon gini na dutse, iyali a gefe guda, shanu da rumbun ingirici a ɗaya gefen, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. A irin wannan gida na yi aikin sanin makama lokacin da nake karatun adana tsofaffin gine-gine, kuma akasarin abin da na ƙaru da shi a wurin maganar ruwa ce.

Yankin ba ya rabo da ruwan sama da iska. Maginan da suka ɗora gidajen nan a ƙarni na 17 da na 18 ba su yi ƙoƙarin hana ruwa taɓa bango ba, hanyar fita suka ba shi. Bangon fuska biyu gare shi, ta waje da ta ciki, a tsakani an cika da ƙananan duwatsu, sannan jefi-jefi a sa dogon dutse ya ratsa daga wannan fuska zuwa waccan ya ɗaure su. A wasu gidajen an ɗan karkatar da kowane dutse zuwa waje don ruwa ya zurare ƙasa. Rufin ma na falalen dutse ne, manya a baki, suna ƙanƙancewa har zuwa tsororuwa, don kada nauyi ya taru a sama. Kwaɓin da ke riƙe da komai kuwa farar ƙasa ce da yashi. Ana ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 900, a jiƙa shi, a kwaɓa, shi kuma ya yi ta taurara a hankali yana shan iska. Har yanzu ana ganin kufan matoyansa a gefen tsaunuka.

Wannan kwaɓi ya fi dutsen laushi, kuma da gangan ne. Danshi ya shiga bango, ta cikinsa yake fita. Gini ya ɗan motsa, shi ke tsagewa, dutsen ya tsira. Bayan shekaru masu yawa sai a ƙwaƙule wanda ya zaizaye a sake sabo.

Gidan da muka yi wa aiki an taɓa toshe masa duk tsakankanin duwatsu da siminti, da niyyar gyara. Siminti ya fi dutsen yashi tauri, kuma ba ya sakin danshi. Ruwa ya bi ta ƙananan tsage ya shiga, ya rasa mafita sai ta jikin dutsen, da hunturu ya daskare ya kumbura, fuskar dutsen ta dinga ɓarewa. Za ka ga layin simintin tsaye cak, dutsen da ke kewaye da shi ya lotsa ciki. Bakin katakon da ke ɗauke da bene ya ruɓe inda ya shiga bango. Wani abin dariya, simintin zamani ɗan yankin ne: Joseph Aspdin, birkila daga Leeds, shi ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1824. Duk wanda ya ga katangar tubali a Kano ko Zariya da aka yi wa filasta da siminti, ta ɓamɓare faifai-faifai ta tafi da rabin ƙasar, ya san ciwon.

Aikin cirewa ya fi na ɗorawa cin rai. Maginin da nake ƙarƙashinsa bai yarda a kawo injin yanka kusa da bangon ba, sai guduma da ɗan ƙarfe mai baki, layi bayan layi. Sabon kwaɓin ma ba ya son gaggawa. Ba a sa shi idan ana tsoron ƙanƙara, a rana ko iska kuma sai an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe kafin ya kama.

Dokar kuwa na same ta da ƙarfi wajen hani, da rauni wajen taimako. Ingila ta fara jera gine-ginen tarihi a rajista tun shekarun 1940, dokar da ake bi yanzu ta 1990 ce, kuma hukumar Historic England ke riƙe da rajistar. Matakai uku ne, sama da kashi 90 cikin 100 suna mataki mafi ƙasa, har da yawancin gidajen manoma. Ginin da ya riga shekarar 1700 kuma bai sauya kama sosai ba, da wuya ya tsallake. Da zarar gida ya shiga, canza taga ko rushe bangon ciki ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. To amma dokar ba ta ba manomi kuɗin falalen dutse, kuma mai gidan namu ya faɗi haka ba sau ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba.

Inda muka fi jayayya shi ne ɓangaren shanu. Mai gida yana so ya mai da shi ɗakin zama, jami'ar adana tarihi tana tsoron a huda bango da manyan tagogi ya daina kama da abin da yake. Ni ra'ayina ya fi karkata ga mai gida, domin ginin da ba a shiga ba a lura da ɗigonsa. Yankin yana da dubban rumbunan dutse warwatse a gonaki, da yawansu babu mai amfani da su tunda aka koma naɗe ciyawa a leda, kuma rufinsu ke fara faɗawa. A ƙarshe an yarda a sa gilashi a tsohuwar ƙofar amalanke da ƙananan kafofin iska, ba a huda sabon wuri ko ɗaya ba. Ɗakin ya ɗan yi duhu, mai gida ya yi mita, amma ya shiga da kayansa kafin hunturu.