Abin da Duba Takardun Ofis Ya Koya Mini Game da "Been" da "Being"

A cikin wasiƙu da rahotannin da nake dubawa kafin su fita daga ofis, babu kuskuren Turanci da ya fi yawan zuwa gabana kamar musanya "been" da "being". Mutane da dama suna ɗaukar abin tuntuɓen alƙalami ne kawai, tunda a bakin yawancinmu kalmomin biyu kusan sauti ɗaya suke fita, amma aiki ya nuna mini cewa matsalar ta nahawu ce. Shi ya sa kwamfuta ba kullum take ja wa kalmar layi ba, domin kowacce rubutunta daidai ne, wurin da aka ajiye ta ne ba nata ba.

Dukkansu daga aikatau "be" suka fito, kuma kalmar da ta gabace su ce take zaɓar wadda za ta zo. Bayan "has", "have" ko "had", "been" ake sawa, yayin da "being" take bin "is", "are", "was" ko "were", haka nan tana bin ƙananan kalmomi irin su "after", "for" da "without". Saboda haka wanda ya rubuta "The file has being signed" ya karya ƙa'ida.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ma'ana take sauyawa. "The road has been repaired" na nufin an gyara hanya, aiki ya ƙare, amma "The road is being repaired" na nufin ana gyara ta, har yanzu ma'aikata suna kai. Bahaushe ba ya taɓa rikita "an biya albashi" da "ana biyan albashi", domin ya san ɗaya ta gama shiga aljihu, ɗayar kuwa sai a ci gaba da jira. Idan rahoton duba aiki ya ɗauki "has being repaired", mai sa hannu ba zai san wanne ake nufi ba, alhali a kan wannan jimlar ce za a yanke shawarar biyan ɗan kwangila ko a dakata.

Inda ko ƙwararru suke zamewa shi ne lokacin da wasu kalmomi suka shiga tsakani, kamar a tambayar "Has the new voucher been approved?", ko kuma aka gajarta, domin "it's" tana iya zama "it has" ko "it is". A nan dole ne marubuci ya warware gajartawar a ransa tukuna.

Yanzu idan sabon ma'aikaci ya kawo mini daftari, nakan ce ya faɗi jimlar da Hausa, ya ji ko "an" ce ta fito ko "ana". Dabarar ba ta aiki a jimla irin "He has been ill", inda ba wani aiki aka yi wa mutum ba, kuma a irin wannan wuri sai ya koma ya nemi kalmar da ta gabata.